Yadda Hoto Ya Shigo Cikin Gida

A ƙarƙashin gadon Inna akwai wani gwangwanin biskit da tsatsa ta fara cin bakin murfinsa. Tun muna yara mun san dokarsa: ba a buɗe shi sai tana nan, ba a kuma taɓa abin da ke ciki da hannun da ya ci tuwo. Da Allah ya yi mata rasuwa aka gama rabon gado, sai aka ga gwangwanin bai shiga lissafin kowa ba. Na ce a bar mini. Hotuna ne a ciki, wasu sun manne da juna saboda danshin damina, wasu gara ta ɗan ci gefensu. Yanzu ni ce mai ɗaukar hoto a gidanmu. Kyamarata a ƙusa ɗaya take rataye da jakar makarantar autana, kuma da wuya rana ta faɗi ban ɗauki wani abu ba, ko da inuwar darbejiya ce a jikin katanga. Amma sai da na zauna da gwangwanin nan na fara tambayar kaina ta wace ƙofa abin nan ya shigo mana, har ya kai ƙarƙashin gadon matar da ta shekara arba'in ba ta taka ƙofar gida sai da dalili.

Mafi tsufa a ciki ƙarami ne, bai wuce faɗin yatsu biyu ba, da ragowar hatimi mai ruwan shuni a kusurwa. Kakanmu ne na wajen uba. Ya ɗaure fuska tamkar wanda aka tsayar gaban alƙali, rawaninsa ya ɗan karkace. Na kai wa Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ai wannan na Makka ne. Malam bai so ba, 'yar nan. Sai da aka ce masa in babu shi ba za a bar shi ya hau jirgi ba." Ashe hoto na farko a zuri'armu takardar hukuma ce ta jawo shi. Mutanen da suka riga Malam niyyar hajji a ƙafa suke bi ta Chadi da Sudan, su yi shekaru a hanya, wasu ma su zauna can har su hayayyafa, akasarinsu ba su bar kamanninsu a takarda ba. Shi zamanin jirgin sama ya riske shi, jirgi kuwa da fasfo yake tafiya.

A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, don haka duk abin da aka turo maka a waya aka ce hotonsa ne, ka tabbata ba shi ba ne. Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, da ya hau Dala ya hango gari a shimfiɗe, zana shi ya yi da hannu. A bakin teku kuwa baƙar fata sun riƙe kyamara da wuri. Jonathan Adagogo Green na Bonny yana ɗauka tun kafin 1900, George Da Costa kuma ya kafa sana'arsa a Ikko a 1895. Mu a nan, tare da bindiga ta iso, lokacin da sojojin Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Wanda ya shiga Gidan Makama zai ga hotunan wancan zamani a jikin bango, ga ganuwa, ga ƙofofin gari, ga sarakuna da fadawa. Ina son hotunan nan, ina kuma jin zafinsu. Wani ne ya ɗauke mu don ya nuna wa mutanensa abin da ya mallaka. Sarki akan rubuta sunansa a ƙasa. Mai rini da mai tallan nono da yaron da ke kora jaki, su ba a tambaye su suna ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya tsiro a bayan ganuwa, mutanen Kudu suka zo da sana'o'insu. Ɗaukar hoto na ciki, kuma Yarbawa ne suka fi riƙe ta, a nan da sauran garuruwan Afirka ta Yamma. Mutumin cikin birni ya daɗe yana hangen abin daga nesa. Malamai na da hadisan da suka yi gargaɗi a kan yin surar mai rai, kuma ba su ɗauke su da wasa ba. Duk abin da ke fito da siffar mutum daga cikin akwati kallo ɗaya ake yi masa, ko majigin da gwamnati ke yawo da shi ƙauyuka ne, ko silima da aka laƙaba wa dodon bango. Da gidan silima na El Duniya ya kama wuta a 1951, mutum fiye da 300 suka halaka, da yawa a gari hukunci suka ɗauke shi. Wasu malaman kuma suka ce mai hoto bai ƙagi komai ba, inuwar da Allah ya riga ya halitta ce ya tsare a takarda, kamar yadda madubi ke yi. Wani muftin Masar, Shehu Muhammad Bakhit, har littafi ya rubuta a kan halascin haka. Har gobe ba a rufe maganar ba. Akwai ƙanin maigidana da ba ya yarda a ɗauke shi, in ya shigo nakan ajiye kyamara har ya tafi, ban taɓa jin hakan ya rage ni da komai ba.

Lalura ce ta fara buɗe ƙofa, ƙauna ta ƙarasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta saba wa idon mai karatu da fuskokin manya. Daga baya hoton Shehu Ibrahim Inyass ya shiga shaguna da zauruka da gaban motoci, na Sardauna ya shiga gidajen mutanensa, na Malam Aminu Kano ya shiga gidajen 'yan NEPU. A zaurenmu hoton Malam Aminu ya riga na kowa hawa bango, kuma Malam ɗin da ya ƙi a ɗauke shi bai ce a sauke ba. Mutumin da ya saba da ganin fuskar wanda yake so a rataye, ba a jima ba zai so ya ga ta ɗansa.

Goggo ta tuna inda aka ɗauki Malam, domin tana yarinya ta bi shi riƙe da buta. A gindin wata bishiya ce kusa da ofishin hukuma, inda masu hoto suka jeru da akwatunansu na katako masu ƙafa uku. Na daɗe ina sha'awar akwatin nan, don shi kaɗai ya haɗa kyamara da ɗakin duhu. Ba a sa masa fim, takardar hoto ake sakawa. Mai hoto zai rataya baƙin zane a bango, ya zaunar da mutum a benci, ya gyara masa haɓa da yatsa, ya ce kada ya motsa. Sai ya cire marfin gilashin gaba da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Daga nan ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ya tsoma takardar a ɗan farantin maganin da ke fito da hoto, sannan a na biyun da ke tsayar da shi, duk da lalube, yana leƙe ta wata 'yar kafa. Abin da ke fitowa a juye yake, baƙin mutum ya koma fari fat, farin rawani ya koma baƙi. Goggo ta ce a nan ne masu jira ke yin salati. Sai ya manna jiƙaƙƙiyar takardar a wani katako a gaban gilashin ya sake ɗaukarta, a karo na biyu kamanni su dawo daidai. Ya ɗauraye a bokiti, ya yanke da almakashi, ya miƙo maka da danshinsa. Yarana sukan ce mutanen dauri ba su iya fara'a ba. Nakan ce musu wanda ya motsa ko kaɗan hotonsa ya lalace, kuɗinsa sun tafi, ga shi kuma dattijo ba ya washe baki gaban baƙo.

Na biyu da nake so na Baba ne yana saurayi. A bayansa ya rubuta da biro: Babbar Sallah, 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ya sa wando mai faɗin ƙafa da hula zanna, ya ɗan naɗe hannun riga don a ga agogo, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan 'yar kujera, ya rungume rediyo. A wani situdiyo ne a Sabon Gari. A lokacin hoton sallah ya zama al'ada. In an sauko daga idi, an kalli hawa, an gaida dangi, samari sai su yi ayari su bi ta Fagge su je su yi layi, kowa da sabon ɗinkinsa, don tufar sallah kwana uku take sabuwa. Rediyon ba ta Baba ba ce, ta mai shago ce, haka wayar tarhon da ke kan teburi wadda ba a haɗa ta da komai ba, haka furen roba. A bayansa labule ne da aka zana da fenti, jirgin sama yana tashi a kan dogayen benaye. Babu sunan mai zanen ko'ina. Irin masu fentin nan ne da ke rubuta allon shago suna yi wa manyan motoci ado. Ɗana na tsakiya, mai son zane, ya kwaikwayi jirgin a littafinsa, ya ce fikafikan ba su daidaita ba. Da ya gyara su muka ɗora a kan hoton, sai fiffike ɗaya ya ɓuya a bayan hular Baba. Ashe mai fentin ya san inda kan mutum zai tsaya, da gangan ya ɗaga shi.

Ba Kano kaɗai ke da wannan salo ba. A Bamako Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, shi ma yakan ara wa mutane rediyo da agogo da keke. Malick Sidibé ya bi samarin garin har wurin rawa, Philippe Koudjina ya yi haka a Yamai. Su nagatif ɗinsu sun tsira, har aka rataya hotunansu a manyan gidajen baje kolin Turai da Amurka. Na nemi shagon da aka ɗauki Baba da kwatancen da ke jikin hatiminsa. Kayan wutar lantarki ake sayarwa a wurin, yaron shagon bai taɓa jin an yi hoto a nan ba.

Duk wannan tarihin maza ne. Matar aure a cikin birni ba za ta je Sabon Gari ta zauna baƙon namiji ya gyara mata haɓa ba. Kafin hoto ya same ta sai da kyamara ta ƙanƙance, ta yi sauƙi, ta shiga tsarabar alhazai tare da agogo da rikoda da zamzam, a shekarun da kuɗin mai suka cika jirage da maniyyata. Baba ya dawo da kyamarar Yashica. Da ita ya ɗauki Inna a ɗakinta, kuma wannan hoto ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Tana zaune a bakin gado mai rumfa, ta sunkuyar da kai, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Baba fuskarta yake nema, ita kuma kunya ta hana ta ba shi. Amma dubi abin da ya samu. Lalle har wuyan hannu, a dunƙule ba zane, irin wanda ake kwana da shi hannu a cikin zunguru, ya fito baƙi ƙirin don hoton baƙi da fari ne. Wannan kafin zanen fure da baƙin dayis su mamaye gidajen biki ke nan. Ɗankwalinta ya zame, doka ta bayyana, tsaga a miƙe kamar an ja da zare. A bayanta kuwa jere ne, daga ƙasa har kusa da rufi. Tasoshi a gindi, kumbo da fanteka a kai, sannan langa daga babba zuwa ƙarama, kowane layi yana amsa na ƙasansa, ga faranti an manna a bango suna zagaye kamar taurari. Uwa tun 'yarta na goye take tara kayan nan ɗaya bayan ɗaya, ranar jere kuma dangi mata su wuni suna ɗorawa suna saukewa, suna ja da baya su duba, har sai ido ya gamsu. Goggo na ganinsa ta ce, "Wannan hannun yayar uwarki ne. Ita kaɗai ke kifa ƙananan a tsakiya haka." Bayan shekara kusan hamsin ta gane mai aikin, kamar yadda ake gane rubutun malami a allo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, adon mata kusan duka mai gushewa ne. Lalle ya yi sati uku ya koɗe. Kitso a tsefe shi. Jere a sauke shi, a sayar da wasu ranar da buƙata ta taso, a ba 'ya wasu, sauran yayi ya wuce su, tangaran da kabet su maye gurbi. Rigar aska takwas da sirdi da takobi sukan yi shekara ɗari, har su sami wuri a gidan tarihi. Aikin hannun uwayenmu kuwa babu inda ya zauna sai a bayan fage na irin wannan hoto. A Kudu, J. D. Okhai Ojeikere ya fahimci haka, daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya da gangan, har ya tara kusan dubu. A ɗakunan cikin birni kuwa angwaye masu neman fuskar amarya ne suka yi aikin ba su sani ba. Haka ma wani hoton yayyena a ƙofar gida ranar sallah. Su aka ɗauka, amma a saman kansu ga zanen bangon zaurenmu, dagi a tsakiya, takobi a kowane gefe, shekaru kaɗan kafin a shafe shi da siminti.

Akwai kuma na ranar sunana. Mata goma sha ɗaya a tsakar gida, sun kewaye ƙore a kife, ɗaya a cikin babban kwano da ruwa, hannuwansu sun zama hazo saboda saurin kiɗa, bakin mai ba da waƙa a buɗe. Amada ake yi. Hoton ya kama komai sai sauti. An ɗauki kiɗan ranar a kaset, Inna ta sha gaya mini, amma wata rana aka rasa kaset ɗin da za a ɗauki wani abu daga rediyo aka ɗora a kansa. Idan na fito da hoton nan ga yarana nakan sa musu Barmani Choge, in kifa ƙwarya a cikin roba da ruwa, in nuna musu yadda amon ke canzawa in ka ɗan danna ta ko ka sake ta. 'Yar farina ta fi ni iyawa yanzu. Tana buga wa autana yana rawa, ni ina durƙushe ina neman inda haske ya fi faɗowa.

Daga nan hotunan gwangwanin suka koma kala. A shekarun 1980 injinan wanke hoto suka zo gari, ɗakin duhu ya rasa aiki, sana'ar ta fita daga shago ta hau titi. Duk wanda ya mallaki kyamara da fim mai ɗauka 36 ya zama mai hoto, kuma a nan ne samarin Hausawa suka shige ta da yawa. Su ne a gidan namun daji ranar sallah, su ne a hawan Daushe da na Nassarawa, su ne a wurin kamu da walima, su ɗauka su ruga wanki su dawo kafin taro ya watse, su baza a tabarma kowa ya nemi fuskarsa ya biya. Bayan faɗuwar naira daga 1986 fim ya yi tsada, Baba ya koma fim ɗaya daga sallah zuwa sallah, har mukan manta abin da ke ciki kafin a wanke. Abin takaici, waɗannan na kala su suka fi lalacewa. Sun yi jaja-jaja, shuɗi ya gudu, har ba na iya tantance launin atamfar da na sa ranar saukar karatuna. Na Malam mai faɗin yatsu biyu kuwa yana nan garau.

Sauran labarin kowa ya gani da idonsa. Kyamarar bidiyo ta shiga biki, ta kuma shiga harkar fim ɗin Hausa. Wayar hannu ta zo a 2001, ba a jima ba ta sami ido. A 2012 Kodak, wanda sunansa ke bayan rabin takardun gwangwanin nan, ya bayyana cewa ya karye. Yau yarinya na ɗaukar kanta sau talatin kafin ta fita, ana kuma gardama a kan hoton kafin aure kamar yadda aka yi gardama a kan na fasfo. Ina murna da wannan yalwa, don ita ce ta sa mace irina ta riƙe kyamara ba wanda ya yi mamaki, ta kuma shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga. Sai dai an sace mini waya a kasuwa, ta tafi da shekara biyu na ƙuruciyar autana, har da ranar da ya fara tafiya. Tun daga nan nake zaɓen goma duk sallah in kai a wanke mini a takarda.

Ina kuma ɗaukar abin da Baba ya samu ba da niyya ba. Jajibirin sallah, in mai lalle ta gama, nakan sa 'yata ta shimfiɗa hannuwa a kan baƙin zane kusa da taga. Nakan ɗauki kanta ta baya in an gama kitso, in tambayi mai kitson sunan salon in rubuta. Zanen da ɗana ya yi da gawayi a bangon bayan gida na ɗauke shi kafin ruwan farko. A bayan kowace takarda ina rubuta suna da rana da wuri da fensir, don biro yakan huda ya fito ta gaba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na koma wa Goggo da hoton sunana. Ta sa tabarau, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta bi matan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana faɗin suna da unguwa da wanda ya aure su, ni ina rubutawa. Ta kawo tara. Biyu suka rage, mai ba da waƙar da wata a gefenta mai goyo. Ta yi shiru, ta ce fuskar mai goyon ta san ta sarai, daga wajen Ƙofar Mata take zuwa, sunan ne ya ƙi fitowa. Ta miƙo mini hoton, sai kuma ta janye hannu. "Bar mini shi ya kwana biyu a nan," in ji ta. "Ki dawo bayan sallah."